Bawul Mai Baki Huɗu a Famfon Zafi: Aikinsa, Lalacewarsa da Laifin da Ake Ɗora Masa

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na injiniyoyi da masu gyaran firji da iyakwandishan

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin bawul mai baki huɗu, ɗan ƙarfen da ke ba na'ura ɗaya damar sanyaya ɗaki da bazara, ta kuma ɗumama shi da hunturu. An bayyana ƙirarsa, da yadda yake juya akalar gas, da hanyoyin da yake lalacewa, da matakan gano ainihin cutar. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne cewa matsin gas ke motsa wannan bawul, lantarki kuwa umarni kawai yake bayarwa. Saboda haka duk abin da ya raunana matsin, a jikin bawul alamarsa za ta fara bayyana, ko da shi lafiyarsa lau. Maƙalar ta kammala da cewa yanke bawul shi ne matakin ƙarshe a gyara, kuma ba a kai gare shi sai awo ya wanke sauran sassa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan iyakwandishan tana aiki ya ji hucin da take fesowa. Wannan huci zafin ɗakin ne da ta kwaso ta zubar a waje. Aikinta ke nan: jigilar zafi daga wuri zuwa wuri. Idan kuwa aka juya ta, ta riƙa kwaso zafin waje tana zubawa a ɗaki, an sami abin ɗumama gida. Na'urar da ke yin haka ita ake kira famfon zafi, domin ɗaga zafi take yi daga inda yake da ƙaranci zuwa inda ake buƙatarsa, kamar yadda famfo ke ɗaga ruwa daga rijiya zuwa tanki.

Tunanin ya daɗe. William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya bayyana shi a 1852. Bayan 'yan shekaru Peter von Rittinger ya gina irin wannan na'ura a ƙasar Ostiriya don aikin dafa gishiri. A 1938 aka fara ɗumama ginin majalisar birnin Zurik na Suwizalan da zafin da ake ja daga kogin Limmat. Bisa rahoton da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a 2022, kimanin kashi 60 cikin 100 na gine-ginen Nowe suna da famfon zafi, a Suwidin da Finlan kuwa sun haura kashi 40. Dalilin karɓuwarsa a fili yake: hita mai waya tana mayar da awo ɗaya na lantarki awo ɗaya na zafi, shi kuwa famfon zafi yakan kawo awo uku zuwa huɗu.

Wani zai ce ina ruwan mai gyara a Kano ko Maraɗi da kayan ƙasashen ƙanƙara. Ruwansa babba ne. Da yawa daga cikin iyakwandishan ɗin da ake shigo mana da su, musamman na hannu daga Turai da Asiya, famfon zafi ne, kuma wannan bawul yana kwance a cikinsu, ko mai su ya sani ko bai sani ba.

2.0 Matsayin Bawul a Zagayen Gas

Sassa huɗu ne ginshiƙin kowace na'urar sanyi: kwamfuresa, da lagireton waje, da bawul mai rage matsi ko siririn bututun da ke yin aikinsa, da lagireton ciki. Gas ɗin da ke zagaya su yana tafasa a sanyin da ya wuce misali. R-410A, alal misali, yana tafasa a wajen digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos idan babu matsi a kansa. Wannan ne ya sa yake iya tsotsar zafi ko daga iskar da mutum ke rawar ɗari a cikinta. A lagireton da yake tafasa yana ɗaukar zafi. A wanda yake komawa ruwa yana sauke shi.

Kwamfuresa hanya ɗaya ta sani. Tana tsotsa ta baki ɗaya, tana turawa ta ɗaya bakin, kuma ba a juya ta. Saboda haka idan ana son lagireton ciki ya bar ɗaukar zafi ya koma saukewa, dole a sami mararraba a gaban kwamfuresa inda za a sauya wa gas hanya. Wannan mararraba ita ce bawul mai baki huɗu.

3.0 Ƙirar Bawul da Yadda Yake Juyawa

3.1 Gangar jiki da sakata

Bawul ɗin gora ce ta tagulla, rufe a bakinta biyu. Bututun jan ƙarfe ɗaya ya shiga ta gefe guda, uku kuma sun fito a jere ta ɗaya gefen. Biyu daga cikin huɗun ba sa sauya aiki har abada: bututun da ke shi kaɗai yana kawo gas mai zafi daga kwamfuresa, na tsakiya a cikin ukun kuwa yana mayar da gas mai sanyi zuwa gare ta. Biyun da ke gefe, ɗaya na zuwa lagireton ciki, ɗaya na waje, su ne ke musayar aiki.

A cikin gorar akwai wani abu mai zamiya, wanda a nan za mu kira sakata. Siffarta kamar ƙoƙon da aka kife, an yi ta da roba mai tauri irin su nailan, kuma faɗinta bai wuce ya rufe baki biyu a lokaci guda ba: na tsakiya da ɗaya daga cikin na gefe. Bakunan da ta kife a kansu sun haɗu ke nan a ƙarƙashinta, gas mai sanyi yana ratsawa. Sauran cikin gorar cike yake da gas mai zafi, wanda ba shi da mafita sai bakin da aka bari a buɗe. Idan bakin lagireton waje ne a buɗe, na'ura tana sanyaya ɗaki. Sakata ta zame ɗaya gefen, gas mai zafi ya nufi lagireton ciki, na'ura ta koma ɗumamawa. Tsakanin wuta da ƙanƙara a nan babu komai sai kaurin wannan ƙoƙo, kuma matsin gas mai zafin ne da kansa ke danne shi a kan mazauninsa don kada ya yi yoyo.

3.2 Jagora da kwayil

A nan gizo ke saƙar. A kowane gefen sakata an haɗa fistin. A saman gorar kuma akwai wani ƙaramin bawul, jagora, wanda kwayil mai maganaɗisu ke sarrafawa, kuma siraran bututu sun haɗa shi da bututun turawa, da na tsotsa, da ƙarshen gorar biyu. Idan wuta ta shiga kwayil, maganaɗisu yana jan ɗan ƙarfen da ke cikin jagora. Wannan ɗan motsi yana tura gas mai matsi bayan fistin ɗaya, yana kuma zuƙe na bayan ɗaya fistin ɗin zuwa bututun tsotsa. Gefe guda ya yi nauyi, ɗaya ya yi sako-sako, sai sakata ta zame da ƙarar fitar iska wadda duk mai gyara ya sani. Idan aka ɗauke wutar, sifirin ya mayar da ɗan ƙarfen, matsin ya juya, sakata ta koma.

Kwayil ɗin bai fi ƙarfin jan wannan ɗan ƙarfe ba. Kamar ɗan sandan kan hanya yake: hannu kawai yake ɗagawa, injin mota ke tafiya da ita. Idan kwamfuresa a kashe take kuma matsin ɓangarorin biyu ya daidaita, ko sau ɗari aka ba kwayil wuta za a ji ƙas ɗin jagora, amma sakata tana nan inda take.

3.3 Wane gefe yake kwana?

Kamfanoni sun rabu a kan gefen da bawul zai zauna idan babu wuta a kwayil. A Amurka, inda kwayil ke aiki da bolt 24, mafi yawan kamfanoni irin su Carrier da Trane da Lennox suna ba shi wuta lokacin sanyaya ɗaki, ta wayar da ake yi wa alama da harafin O. Hikimar ita ce, idan kwayil ya ƙone a tsakiyar hunturu, gida ba zai rasa ɗumi ba. Rheem da Ruud kuwa suna ba shi wuta lokacin ɗumamawa, ta wayar B. Da yawa daga cikin na'urorin bango da ake ƙerawa a Asiya su ma lokacin ɗumamawa suke ba shi wuta, kuma kwayil ɗinsu yakan yi aiki da wutar gida kai tsaye. Wanda ya sa sabon makunnin bango ya rikita O da B zai ga na'ura tana yin kishiyar abin da aka umarce ta, alhali babu abin da ya lalace.

3.4 Narkar da ƙanƙara

A ƙasashen sanyi bawul ba ya hutawa. Idan zafin waje ya sauko kusa da sifili kuma akwai laima a iska, ƙanƙara tana kama lagireton waje ta toshe shi. Sai na'ura ta juya bawul zuwa gefen sanyaya, ta tsayar da fankar waje, gas mai zafi ya narkar da ƙanƙarar cikin 'yan mintoci, sannan ta juyo. Tsofaffin na'urori suna duba buƙatar hakan bayan kowane minti 30, 60 ko 90 na aikin kwamfuresa. Sababbi suna jira sai ma'auninsu ya nuna ƙanƙarar ta taru. Kowace narkarwa juyi biyu ce. Kuma kowane juyi yana iya koro ruwan gas zuwa kwamfuresa, shi ya sa ake sa tulun tare ruwa a bututun tsotsa.

4.0 Hanyoyin Lalacewa

4.1 Ƙin juyawa

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma a nan aka fi barin jaki ana dukan taiki. Umarnin yana iya ƙin isowa saboda waya ta tsinke ko allon sarrafawa ya lalace. Kwayil yana iya ƙonewa, abin da wuta mai hawa da sauka ke gaggautawa. Gas yana iya yin ƙasa saboda yoyo a wani wuri, har matsin ya kasa tura fistin. Kwamfuresa tana iya tsufa ta daina tara matsi. Duk waɗannan huɗun a wajen gorar suke, kuma babu wanda maganinsa sabon bawul ne. Sai bayansu ake zuwa ga cututtukan bawul na kansa: datti ya toshe jagora, ko siririn bututu ya lanƙwashe, ko gorar ta lotsa, ko sakata ta kumbura ta cije.

4.2 Maƙalewa a tsakiya

Wani lokaci sakata takan taso ta kasa ƙarasawa. Idan ta tsaya a tsaka-tsaki, gas mai zafi yana faɗawa kai tsaye cikin bututun tsotsa. Bututun huɗu duk su ɗauki zafi, ana jin huci ba yankewa, allurar geji biyu su matso kusa da juna. Matsalar tana ciyar da kanta: tsayawar ta kashe bambancin matsi, rashin bambancin matsi kuma ya hana ta ƙarasawa.

4.3 Yoyon ciki

Wannan ita ce cuta mai ɓoyon kurwa. Sakata ta kai inda aka aike ta, amma leɓenta ya cinye ko datti ya karce mazauninta, gas mai zafi yana silalewa ta ƙarƙashi. Babu mai a ƙasa, babu gas da ya fita waje. Na'ura tana aiki, sanyin ne dai babu ƙarfi. Geji zai nuna matsin tsotsa ya hau, na turawa ya sauka, wato daidai abin da gajiyayyiyar kwamfuresa ke nunawa. Kwamfuresa da yawa sun dogara da sanyin gas ɗin da ke dawowa don huce motarsu. Idan gas ɗin ya dawo da zafi, ƙaramin yoyo a bawul yana iya zama ajalin kwamfuresa.

4.4 Ɓarnar hannu

Sakata da zoben fistin roba ne, walda kuwa wuta ce da ta haura digiri 600. Masu ƙera bawul suna gargaɗin kada zafin gorar ya wuce wajen digiri 120. Wanda ya ɗora wuta a bututun da ke ɗan yatsa kaɗan daga gorar bai naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ba, ya gasa sabon bawul tun kafin ya yi aikin kwana ɗaya. Wanda ya yi walda ba tare da zura naitirojin ba, ya bar baƙin ɓawo a cikin bututu, wanda zai ɓare ya nufi jagora. Haka kuma ƙonewar kwamfuresa tana barin gurɓataccen mai da tarkace a duk zagayen.

5.0 Matakan Gano Cuta

Ƙa'idar ita ce a fara daga waje a shiga ciki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Na farko, a duba umarnin. Wata rana da bazara na tarar da wani yaron shago ya kwance murfin na'urar wani mai kanti, har ya kunna wutar walda. Na ce, “Me ya faru?” Ya ce, “Maigida, bawul ne ya cije, wuta take hurowa.” Na karɓi rimot na duba, sai ga hoton rana a fuskarsa. Wani ne ya danna maɓallin sauya aiki, na'urar kuwa ta bi umarni. Danna biyu ya mayar da hoton ƙanƙara, muka ji ƙarar juyin, iska mai sanyi ta fito. Da na makara minti biyar, da an yanke lafiyayyen bawul.

Na biyu, a auna wutar da ke isa kwayil da mita, a gefen da ya kamata ta iso. Idan tana isowa, a kusantar da bakin sukundireba ga kwayil ɗin. Mai rai zai ja shi. A cire wayoyinsa a auna ko zarensa ya tsinke. Kada a ba kwayil wuta alhali an zare shi daga sandarsa, domin zai yi zafi ya ƙone. Idan shi ne ya mutu, ƙusa ɗaya ko noti ɗaya ke riƙe da shi, ana sauya shi ba tare da an taɓa gas ba.

Na uku, a ɗaura geji a tabbatar gas ya cika kuma kwamfuresa tana tara matsi. Idan sakata ta cije, a toshe iskar lagireton da ke sauke zafi na ɗan lokaci don matsi ya hau, ana kunna kwayil ana kashewa. Ana iya ɗan ƙwanƙwasa ƙarshen gorar da ƙotar sukundireba ta roba. Guduma kuwa haramun ce a nan: gorar siririya ce, lotsawa ɗaya ta gama da ita.

Na huɗu, a auna zafin bututu, kuma wannan awon ne ke raba gardama tsakanin bawul da kwamfuresa. A lafiyayyen bawul biyu na da zafi, biyu na da sanyi. A ɗaura ma'auni a bututun da ke dawo da gas daga lagireton da ke ɗaukar zafi, a ɗaura wani a bututun tsakiya, kowanne kamar santimita 15 daga gorar, a lulluɓe su. Gas ɗaya ne ya shiga ya fita, don haka bai kamata su yi nisa da juna ba. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba da ita ita ce, idan na tsakiya ya fi zafi da abin da ya wuce digiri 3 a ma'aunin Farenhait, wato kusan digiri 2 a Salshiyos, bawul yana yoyo. Idan sun yi kusa amma matsi bai gyaru ba, a koma kan kwamfuresa. Tafin hannu ba ya iya gane digiri biyu. Aikin ma'auni ne.

6.0 Sauya Bawul

Idan awo ya tabbatar da laifin, a kwashe gas a cikin tukunya, kada a sake shi a iska. R-22 yana cikin gas ɗin da Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 ta sa a daina saboda illarsa ga rufin ozon, R-410A da R-32 kuma suna ƙarƙashin Gyaran Kigali na 2016. Ban da haka R-32 yana iya kama wuta, don haka ba a kusantar da walda sai an tabbatar bututu ya wofinta. A sayi bawul daidai ƙarfin na'urar: babba ba zai sami isasshen matsin juyawa ba, ƙarami kuma zai shaƙe gas. A yi wa bututu alama kafin a cire tsohon. A zare kwayil, a naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma, a zura naitirojin, a karkatar da harshen wuta nesa da jikinta. A sa sabuwar matata mai aiki ta fuska biyu, domin gas a famfon zafi gaba da baya yake bi. A zuƙe iska har zuwa maikiron 500, a zuba gas da sikeli, sannan a juya bawul sau da yawa ana sauraro.

7.0 Abin Lura ga Yankinmu

A wurinmu yanayin aikin bawul ya sha bamban. Wanda aka ƙera don ya yi ta kai da komo duk hunturu yana iya shekara da shekaru a gefe guda. Idan na'urar mai ba kwayil wuta ce lokacin ɗumamawa, kwayil ɗin zai iya mutuwa ba wanda ya sani, sai ranar da sanyin hunturu ya sa wani a Jos ko Agadas ya nemi ɗumi. Idan kuwa mai ba shi wuta ce lokacin sanyaya, dabarar da ke ceton gida a ƙasar ƙanƙara ita za ta sa na'ura ta hura wuta a watan Afirilu. Yoyon ciki shi ba ruwansa da ana juya bawul ko ba a juyawa. Don haka mai gyaran da ya ga matsin tsotsa ya hau a na'urar da aka shigo da ita, ya leƙa ya ga ko akwai bawul kafin ya yanke wa kwamfuresa hukunci.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bawul mai baki huɗu yana aiki ne da sarƙa mai gaɓa huɗu: umarni, kwayil, jagora, da matsin da ke tura sakata. Gaɓar da ta tsinke ko'ina, alamar iri ɗaya ce, na'ura ta ƙi juyawa ko ta yi rauni. Ta kuma nuna cewa yoyon bawul da gajiyar kwamfuresa kama ɗaya suke a geji, ma'aunin zafi kaɗai ke bambanta su, kuma wutar walda tana iya kashe sabon bawul a ranar da aka ɗaura shi. Kira ga masu shaguna da malaman makarantun koyon sana'a shi ne su tanadar wa almajiransu mita da ma'aunin zafin bututu, su koya musu aiki da su tun kafin su miƙa musu wutar walda. Wanda bai auna wuta ba, bai auna matsi ba, bai auna zafin bututu biyu ba, ba shi da hujjar yanke bawul.